Da Furfurata Na Hau Katako a Bakin Bahar

Ana sallame sallar asuba, washegarin ƙaramar Sallah, muka bar unguwarmu ta Mansur a Makka mu uku: ni, da ƙanin matata, da dattijon nan mai sayar da busasshen kifi a bakin layinmu. Bana Sallar ta faɗo tsakiyar sanyi, har sai da na yafa bargo a kan rigar idi. Ku abokan karatuna kun matsa in rubuta yadda tafiyar ta kasance, tunda labarin da ya riga ni yawo a unguwa rabinsa dariya ce. To ga shi daga hannun mai shi.

Wanda bai san abin da ya fitar da ni ba, ga shi a taƙaice. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaukar ruwa a Makka, gwangwani biyu da sanda a kafaɗa, daga wurin ɗiba zuwa benayen unguwar Jarwal. Tun bara aka fara jawo famfo cikin gidaje, masu kirana suka ragu. Kafaɗar dama kuma ta gaji, in na kai bene na uku sai hannun ya mutu har yatsu. Cikin azumi dangin matata suka zaunar da ni, suka ce in nemi gefe a hanyar Harami in shimfiɗa tabarma, Allah ba zai hana ni abin sadaka ba. Na saurare su har suka gama, na ce na gode, amma ba zan yi ba. Ni Basarke ne daga Yawuri, cikin kwalekwale na yi wayo. Mai kifi ya ce mini a garin da yake saro kaya akwai wani mai jirgi da abokin aikinsa ya koma Jidda, yana neman mutum na biyu. Ƙanin matata kuwa da bakinsa ya faɗa cewa ya biyo ni ne don a samu mai kawo wa yayarsa takalmana in ruwa ya cinye ni.

Motar lori ce ta ɗaukar kifi, riyal biyar kowane mutum, a baya, a kan kwandunan da babu komai cikinsu sai wari. Marar iƙama irina, wato takardar izinin zama, ba ya raina wannan wari, don ba kowa ke son leƙa bayan motar kifi ba. Direban ma ya san inda ake tsayar da mota a tambayi takarda, ya kuma san hanyar da raƙuma ke bi. Kafin hantsi kwalta ta ƙare, muka shiga rairayi. Sau biyu motar ta kafe, muka sauka muka tura, ana sa mata kwanon rufi a ƙarƙashin taya. Ƙanin matata ya tura da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da hularsa.

Da azahar muka tsaya a wata gahawa, wato wurin shan shayi, kusa da Yalamlam, rumfa ce kawai da gadajen igiya masu dogayen ƙafafu. Ɗan butar shayi girish huɗu, moɗar ruwa girish biyu. Na biya na sha, na tsaya ina kallon moɗar. Rabon da in sayi ruwa da kuɗina tun kafin a haifi babbar 'yata. Ruwan kuma, in faɗa muku gaskiya, da ni na kai wa wani gida irinsa a Jarwal da an koro ni da tsintsiya. A wata gahawar muka kwana. Washegari da rana muka ratsa garin Lis, muka ci gaba da yin kudu, la'asar sakaliya muka isa. Sunan garin ba zan rubuta ba, akwai mutanenmu a can da ba sa son a san inda suke.

Na sauka daga motar na yi tsaye, don na ɗauka gida aka mayar da ni. Bukkoki ne na ciyawa masu tsini, da dangar kara. Mazan baƙaƙe kamarmu, sun ɗaura zane a ƙugu, sun kifa doguwar malfa. Gurasarsu ta dawa ce mai ɗan tsami, ana manna ta a cikin tanderun ƙasa. A gidan da aka sauke mu sun ba mu shinkafa da aka dafa da romon kifi da soyayyiyar albasa har ta yi ja, suna ce mata sayadiyya; na ci har na ji kunyar mai masaukinmu. Kifi mai tsawon hannuna riyal ɗaya, wanda a Makka sai dai ka gaishe shi ka wuce. Abu biyu ne ban so ba: ruwan rijiyarsu da gishiri-gishiri, awakinsu kuma kifi suke ci, har nonon yana ƙarni.

Garin bai kai rabin Mansur ba, amma mun same shi cike. Iyalai daga Jidda sun zo hutun Sallah da motocin jif, sun kafa tantuna a bakin ruwa, rediyo na ta kuka. Har da Nasara biyu ma'aikatan wani kamfani, wai su ma hutun addininsu ya zo daidai da namu. Mutanen gari sun gane baƙi. Ƙwan da aka sayar wa mai kifi girish ɗaya, na ga an sayar wa wani mutumin Jidda uku, ya karɓa yana ta godiya.

Sai bahar ɗin. Na taɓa ƙetare shi sau ɗaya lokacin zuwanmu daga Sudan, amma a kwance nake cikin jirgi ina amai, ban gan shi ba. A nan akwai shingen dutse can cikin ruwa, ya bi gaɓar kamar ganuwa, da ƙofa guda ɗaya daidai garin. In sanyi ya shigo iskar kudu takan taso, raƙuman ruwa su riƙa kutsowa ta ƙofar nan, wani ya kai tsayin mutum, su taho a guje su fashe a kan rairayi. A kwanakin Sallah ba mai fita su. Abin da mazan garin ke yi, manya masu 'ya'ya, shi ne kowa ya ɗauko guntun katakon tsohon jirgi, ya yi iyo zuwa tsakiya, ya kwanta rub da ciki a kai, igiyar ruwa ta kwaso shi ta kawo shi gaɓa yana ihu. Nasaran nan nasu katakon dogo ne mai fenti, su a tsaye suke son hawa. Ɗaya yakan yi 'yar tafiya kafin ya faɗi, ɗayan kuwa tun da na zo har na tafi ƙafafunsa na fi gani a sama. Na kalle su duka na ce a raina, wannan wasan marasa aikin yi ne.

Da safe mai kifi ya kai ni wurin mai jirgin, wanda suke kira nahuda. Gajere ne, gemunsa ja da lalle. Ya juya tafin hannuna, ya danna ƙullin da sanda ta bar mini a kafaɗa, ya ce, "Ya Hajji, ruwan da ka sani a gwangwani yake." Na ce masa kafin gwangwani na san kogin Kwara, kuma tuƙi da ƙugu ake yi da baya, kafaɗa rakiya take yi. Bai san Kwara ba, bai kuma tambaya ba. Ya nuna mini jirginsa, huri suke ce masa, sassaƙaƙƙen icce ne kamar kwalekwalenmu, sai dai ya fi siranta. Ya zuba duwatsu a ciki daidai nauyin kamun safiya ɗaya. Ya ce in fita har ƙofar shingen, in juyo, in kawo masa hurin gaɓa bakinsa na kallon sama. In na yi, aiki nawa ne.

Da na riƙe filafili, hannuna ya tuna abin da ni na manta. Fitar ba ta ba ni wuya ba, na sa hancin jirgin cikin kowace igiya, ya hau ya sauka. A ƙofar shingen na juya, ina jin kaina kamar ɗan shekara ashirin. Dawowar ce ta kashe ni. A Kwara, abu na farko da uba ke koya wa ɗansa shi ne ba a tunkarar gaɓa da hancin jirgi. In ka matso sai ka rage gudu, ka karkata, ka jingina gefen jirgin da gaɓa a hankali. Na sha dukan filafili a kan wannan tun ina ƙarami, har ya zama ba da tunani nake yinsa ba. Haka na yi. Ina karkatawa igiya ta samu jirgin ta haƙarƙari, ban san sama ba ban san ƙasa ba, sai gishiri a hanci da rairayi a baki.

Aka tsamo hurin, aka sake zuba duwatsu, na koma. Wannan karon na riƙe hancin sosai yana kallon gaɓa. Amma da igiyar ta ɗaga ni ta baya, jirgin ya sunkuya ya zabura da gudun da ban taɓa ji ba, sai na tsorata na kafa filafili a ruwa don in tsayar da shi. Ya juya kamar an murɗa masa wuya, ya sake kifewa, gefensa ya bugi dutse. Nahuda ya shafa wurin da hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya ja jirginsa ƙarƙashin rumfa. 'Yan Jidda har da tafi. Ƙanin matata ya miƙo mini bargo yana cewa, "Sarkin Ruwa, ruwan ne bai gane ka ba, ko kai ne ba ka gaishe shi ba?"

Na zauna a rairayi har la'asar ina tofar da gishiri, ina kallon masu katakon da na raina jiya. Su ma ta wannan ƙofar suke shigowa, a kan irin igiyar da ta kayar da ni, ba filafili ba komai, kuma suna isowa lafiya. Ashe wasan nan shi ne makarantarsu. Lorin kuwa sai ranar Alhamis bayan azahar za ta juya. Ina da kwana biyu.

Washegari na roƙi mai masaukinmu aron katako, na ɗaura zane, na nufi ruwa. Ƙanin matata ya sha gabana, wannan karon ba da wasa ba.

"Mijin yaya, don girman Allah. Alhaji guda, da furfura, da 'ya'ya sun isa aure, ka kwanta a kan katako kana wutsil-wutsil da ƙafa? Wallahi in muka koma sai na faɗa."

"Faɗa," na ce. "Ka fara da limamin unguwa, ya fi kowa son labari."

"Tabarmar da aka ce maka ai ta fi wannan mutunci."

"To kai ka shimfiɗa ta, na bar maka wurin."

Na shiga. Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko ruwan ya yi da ni yadda ya ga dama. Ya nannaɗe ni, ya goge mini ƙirji da gwiwa a kan tsakuwa, sau ɗaya ya tafi da zanen sai da wani bawan Allah ya kamo mini. Mazan garin suka yi dariya har suka gaji, da suka ga ban fita ba suka daina, suka riƙa matsa mini wuri a cikin jerinsu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini komai, Larabcinsu ma da ƙyar nake kamawa. Sai dai in lokaci ya yi su daka tsawa gaba ɗaya, "Yalla, ya shaiba!" wato maza dattijo, ni kuma in buga ƙafa.

A cikin kwana biyun nan jikina ya gane abu uku. Raƙuman ruwa ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, ayari suke yi, manya uku ko huɗu a jere, sannan su lafa kaɗan. Mai hankali yakan bar manyan su wuce. Na biyu, ba a jiran igiya ta same ka a tsaye, tun tana nesa kake fara gudu, don in ta iso ta tarar kana tafiya irin tata. Na uku shi ne mai wuya ga ɗan kogi: in ta ɗauke ka, duk jikinka zai ce tsaya, kai kuma ba za ka tsaya ba har sai ka ji rairayi. Ranar Laraba da la'asar wata ta kwaso ni tun daga tsakiya ta dire ni a gaban tantin 'yan Jidda. An ce na yi ihu. Ni ban ji ba, amma ƙanin matata ya rantse har a masallaci an ji.

Ranar Alhamis bayan asuba na je na zauna a ƙofar rumfar nahuda. Yana ɗinkin koma, ya amsa sallamata, bai ƙara ba. Rana ta ɗaga, aka fara loda kwanduna a lori, ina zaune. Matarsa ta aiko da shayi, muka sha, ina zaune. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana bin layin ɗiban ruwa ba a kayar da shi da zama. Can wajen hantsi ya ajiye allurar.

"Ya Hajji, hurin nan shi ne abincin 'ya'yana. Ka fasa masa gefe sau ɗaya."

"Na sani. Sau ɗaya nake roƙo."

"In na hana fa?"

"Mota ta tafi ta bar ni. Gobe ma nan za ka same ni."

Ya dube ni, ya dubi ƙirjina da ya sha guga. Ya ce to, amma yau ba duwatsu, mutum za a ɗora, ya nuna ƙanin matata: "Wancan mai dariyar." Kafin a rufe baki mutumin naku ya tuna bai gama ɗaure kayansa ba. Nahuda ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa, ya shiga hurin da kansa ya zauna a gaba, ya harɗe hannu. Ya ce ko za mu nutse ba zai taɓa komai ba.

Muka fita. A ƙofar shingen na juya na tsaya. Babba ta zo na bari ta wuce ƙarƙashinmu, ta biyu haka, ta uku haka. Bai waiwayo ba. Da na hango wata matsakaiciya tana tasowa, na yi bismilla na fara tuƙi da duk abin da Allah ya bar mini a ƙugu. Ta iso ta ɗaga mu ta baya, hancin ya sunkuya, iska ta cika mini kunne. Wallahi na ji muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, tana cewa karkata, karkata. Na ce masa a zuci, Baba ka yi haƙuri, nan ba Kwara ba ce. Na mayar da filafilin baya na riƙe shi kamar wutsiya, ina gyara hanci kawai, na bar gudun yadda yake. Bukkoki suka taho mana a guje. Na ji cikin jirgin ya gurji rairayi, na diro na ja shi kafin ta baya ta iso.

Nahuda ya fito, zanensa ko jiƙewa bai yi sosai ba. Ya zagaya hurin, ya ce, "Ka makara wajen dirowa." Sannan ya ce in je in sallami iyalina in dawo da motar mako na sama. Kashi ɗaya cikin uku na kamu nawa ne, akwai kuma bukkar da tsohon abokin aikinsa ya bari. Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

A hanyar dawowa muka sauka a Yalamlam muka ɗaura harami, tunda Makka za mu shiga. Harami ba ya rufe ƙirji, kowa a motar ya ga gurjewar, wani Bayamane har ya tambaya ko raƙumi ne ya ja ni a ƙasa. Ƙanin matata ne ya amsa masa, ya ba da labarin tun daga farko, sai na ji a bakinsa igiyar ta kai tsayin bene, shi kuma yana gaɓa yana ta ba ni ƙarfin gwiwa. Na bar shi. Ranar Juma'a da yamma muka shigo, muka yi umra, aka yi mana aski, muka iso Mansur ana kiran magariba.

Matata ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta shafa mini man zaitun a ƙirji da hannu mai nauyi, ta ce ita ba za ta bar kusa da Harami ta koma inda awaki ke cin kifi ba, ta zauna da yara, ni in riƙa zuwa da mota duk wata. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta tambaya ko bukkar tana da ƙyaure. Na ce ban duba ba. Ta ce ta sani ba zan duba ba.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tafi ina taƙama da abin da ubana ya koya mini, shi ne kuma ya kifar da ni sau biyu. Ba don ƙarya ba ne, don na kai shi ruwan da ba nasa ba. Abin da na raina da ido, shi ya ba ni aikin. Na kuma gane cewa dariyar mutane ba ta fi kwana ɗaya in ka ƙi fita daga ruwan. Ba na ce muku sauƙi zan tarar ba. Bahar na cin mutane, nahuda ya nuna mini bukkoki biyu da masu su ba su dawo ba. Kafaɗar ma ba ta warke ba, ta dai sami aikin da za ta iya. Amma abin da zan ci da hannuna zan kamo shi, shekarata arba'in da takwas, kuma ban nemi izinin kowa ba sai na mai ɗakina.

Ranar Litinin lorin za ta tashi. Mai son kifi ya gaya wa matata irin wanda yake so. Mai sauran nasiha kuma ya zo kafin Lahadi, ƙofa a buɗe take, sai dai ya taho da sukarinsa.